F9 a Kicin Ɗina

Obin ɗina bai taɓa yi min rashin kunya ba sai bana. Tanderun lantarki ne, irin wanda ake zaunarwa a cikin kabad ɗin kicin, yana da ɗan gilashi a goshi mai nuna zafi da lokaci, da madannai a jere ƙarƙashinsa. Da shi nake gasa kek da biskit ɗin da mai shagon ƙasan benenmu take sayarwa, tun yarana suna makaranta. Yanzu matan sun yi aure nesa, Auta yana can ɗaya ƙarshen gari da iyalinsa, Malam kuma, mijina, Allah ya yi masa rasuwa bara. Saura ni da obin a hawa na biyu.

Da zafi ya fara shigowa abin ya soma. Na zuba kwaɓi a gwangwanaye, na saka, na koma wanke kwanuka. Kek ya fara tashi ke nan, ƙamshi ya fara fita, sai na ji ƙara, tit, tit, tit. Na leƙa. Lambar zafi ta ɓace, a wurinta an rubuta F9 da ja, wutar ciki kuma ta ɗauke. Na danna nan, na danna can, ko gezau. Kek ɗin da ya taso ya koma ya kwanta, tsakiyarsa ta lotsa kamar tsohuwar katifa.

Na ce masa, "Kai kuma lafiya?" Don ni ina yi wa kayana magana, kuma ba yau na fara ba, kada wani ya ce tsufa ne.

Na sauka na gaya wa mai shago kek ɗinta ya lalace. Ita komai tana da maganinsa, ko ba ta taɓa ganin cutar ba. Ta ce in kashe shi daga bango, in bari ya huce, in sake kunnawa, haka take yi wa firjinta. Na hau na yi haka, kuma abin haushi ya yi aiki. F9 ta tafi, agogo ya dawo yana ƙyaftawa. Na gyara lokaci, na sake kwaɓi, na saka. Sai da kek ya kai daidai inda ya kai ɗazu, tit, tit, tit.

Haka muka yi ta yi da shi har mako ya zagayo. Biskit yana tsira, don ba ya daɗewa a ciki. Kek kuwa ko sau ɗaya bai kai labari ba. Na goge madannan da tsumma, na kankare maiƙon bakin ƙofa, na duba robar da ke zagaye da ita ko ta yage, na zare tire na mayar. Na nemi ɗan littafin da ya zo da obin ɗin har ƙarƙashin gado, ban gan shi ba. Da na rasa yadda zan yi, sai na kira Auta, kuma da na san abin da kiran zai jawo min da na haɗiye shi.

Ya zo bayan tashi daga aiki, da makullin mota a hannu, ko zama bai yi ba. Na kunna masa obin, muka tsaya muna jira kamar masu jiran likita. Da F9 ta fito sai ya zaro waya ya yi ta shafa.

Ya ce, "Umma, sun ce wai kan obin ɗin ne yake ɗaukar zafi fiye da ƙima, shi ya sa yake kashe kansa. In an bar shi a kunne ya daɗe, ko an toshe inda iska take fita, haka yake yi."

Na ce, "Su wa suka ce?"

"Masu obin ɗin."

"To ka ce musu ban bar shi a kunne ba."

Ya kalli tsumman da na rataye a hannun ƙofar obin. Ya cire shi ya ajiye gefe, a hankali, kamar yana cire wuƙa daga hannun ƙaramin yaro. Wannan cirewar ta fi min zagi ciwo.

Ya ce, "Umma, ranar nan kin bar makulli a jikin ƙofa ta waje. Mai shago ta gaya min."

"Mai shago ta cika aiki."

"Ba faɗa ba ne. Mutum shi kaɗai a gida, ga wuta. Yau ya kashe kansa, gobe in bai kashe ba fa? Mun yi magana da su Yaya a waya. Ƙarshen wata zan zo da mota ki koma wajenmu. Za a gyara miki ɗakin yara."

Ashe har sun yi taro a kaina ban sani ba. Gidan nan ba wani gida ba ne, ɗaki biyu ne da falo, famfon banɗaki yana ɗiga, matattakalar kuma tana cin gwiwa. Amma kowace ƙusa da ke bangonsa na san wanda ya buga ta. A gidan Auta kuwa zan zama tsohuwar da ake cewa yara su rage murya tana barci, in na shiga kicin surukata ta ce, "Umma ki huta mana." Yarinyar kirki ce, ba ni da abin faɗa a kanta, kuma shi ne ma abin tsoron, don hutun nan za ta yi ta ba ni har ya kashe ni.

Na ce, "A kira mai gyara. In ya ce hannuna ne, ko mantuwata ce, zan haɗa kayana da kaina. In kuwa ya ce ciwon obin ne, kada in ƙara jin zancen ɗakin yara."

Ya ce, "Na yarda." Ya faɗa da sauri, irin na wanda ya san shi zai ci.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Sai na tsinci kaina ina gadin kaina. In na kashe murhu sai na dawo na sake dubawa. In na ajiye cokali sai na tsaya na tambayi kaina ko nan ne wurinsa. Wata safiya na shiga ɗaki na tsaya tsakiya, na rasa abin da ya kawo ni, abin da yake faruwa da kowa har 'yar shekara ashirin, amma ni sai da na zauna bakin gado ina tuhumar kaina. Babu wanda zan ce wa, "Wai me na zo ɗauka?" ya yi min dariya abin ya wuce. Kaɗaici ba shirun ne ya fi ci min rai ba, rashin mai shaida ne. In ka ce ba ka manta ba, daga kai sai bango.

Mai gyaran da Auta ya turo ya zo da hantsi, wani dogo mai furfura a gemu kaɗai, da jakar kayan aiki wadda zif ɗinta ya mutu ya ɗaure da waya. Ya gaishe ni, ya cire takalmi ba tare da na ce ba, ya durƙusa gaban obin.

Ya ce, "Mama, me yake yi?"

"Ƙarya yake min."

Ya yi murmushi. Ya kashe wuta daga bango, ya buɗe ƙofa, ya kwance wani siririn ƙarfe da ke can ciki ta sama, ya ce shi ne mai auna zafi, kuma sau da yawa shi ne mai laifi. Ya ɗora masa wayoyin mitarsa, ya kalli lamba, ya girgiza kai. Lafiyarsa ƙalau. Ya mayar. Ya bi robar ƙofa da yatsa, ya gwada madannai ɗaya bayan ɗaya, ya duba soket ko ya ƙone. Ya kunna, obin ya kama aiki tsaf kamar bai taɓa saɓo ba.

Ya ce, "Ni dai ban ga komai ba tukuna."

In kuwa bai ga komai ba, to ni ce komai ɗin. Na ce, "Ai a gaban baƙo ba ya yi. Sai ya ga kek."

"To a kawo kek."

Na fasa ƙwai, na buga da sukari da bota, na tankaɗe fulawa. Ya zauna a kan jakarsa yana kallona, yana ba ni labarin wata mata da ta kira shi don injin wanki ashe ba ta buɗe famfo ba. Na yi dariya, kuma sai da na yi na tuna rabon da in yi dariya a kicin ɗin nan. Na saka kek, na rufe, na ce masa ya lura da kyau, ga hannuna, ban taɓa komai ba, ban rataya komai ba.

Da obin ya ɗauki zafi sai ya miƙa bayan hannunsa saitin wata siririyar tsaga da ke tsakanin ƙofa da madannai. Ya riƙe a nan. Ya kara kunne. Ya taɓa gilashin goshin ya janye da sauri.

Ya ce, "Nan wurin ya kamata iska ta riƙa hurowa. Ba ta hurowa. Kin taɓa jin iska a nan?"

Na ce ni ban sani ba, ni kek nake kallo ba tsaga ba. Kafin ya ba ni amsa, tit, tit, tit. Wallahi ban taɓa jin daɗin ƙarar nan ba sai ranar.

Muka jira ya huce. Ya kwance sukurori, ya jawo obin ɗin waje daga cikin kabad, ya ɗora shi a kan tabarmar roba da ya shimfiɗa, ya buɗe murfin sama. Ya kira ni in gani. Wata 'yar fanka ce, ba ta fi tafin hannu ba, ta yi baƙi ƙirin da maiƙo da tsatsa. Ya tura ta da sukudireba, ta ƙi motsi.

Ya ce, "Ga mai laifin. Aikinta ta riƙa fifita wa ƙwaƙwalwar obin, wato allon da ke bayan madannan nan. Da ta tsaya, allon yana gasuwa tare da kek ɗinki, shi kuma sai ya kashe komai don kada ya ƙone. Ba hannunki ba ne, Mama. Ko waye ya kunna haka zai yi masa."

Na nemi kujera na zauna. Na ce ya maimaita, ya maimaita.

Amma bai tashi ba, ya ci gaba da juya fankar a hannu yana ɓata fuska. Ya ce, "Abin da ban gane ba, wannan ba mutuwar bana ba ce. Dubi tsatsar. Ta yi shekaru a haka. Kin ce bana ya fara?"

"Bana, da zafin nan."

"To da me yake shan iska duk shekarun nan?"

Ya leƙa cikin ramin kabad ɗin da obin ya fito, ya haska da fitilar waya. Can sai ya ce, "Wa ya huda nan?"

A jikin katakon gefe, ta sama, akwai wata huda mai kusurwa huɗu, an goge bakinta sumul, an sa mata raga da ƙananan ƙusoshi a jere. Ta waje na san ta, kullum ina ganinta, har na daina ganinta. Na ce Malam ne. Kafinta ne, shi ya haɗa kabad ɗin gaba ɗaya, daga baya kuma wata rana ya zo da zarto ya yi wannan. Da na tambaye shi ya ce katako ma yana son numfashi.

Mai gyara ya ce, "Huda kaɗai ba za ta isa ba. Sai da abin da zai tura iskar."

A lokacin na riga na gane. Malam yana da wata fankar tebur mai shuɗin fiffike. Tun da ya daina zuwa wurin aiki, duk ranar da zan yi gashi sai ya jawo doguwar kujera ya ɗora fankar a kai, daidai gefen kabad ɗin nan, shi kuma ya zauna a kan ɗan benci kusa da ita da rediyonsa. Kicin ɗin da mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace. Kullum sai mun yi. In ce, "Malam, ga falo can fayau, me kake nema a cikin zafi?" Ya ce, "Ni nan nake jin daɗin iskar." In ce, "Iskar da ko kallonka ba ta yi? Ka juya ta wajenka mana." Ya ce, "Ke dai yi kek ɗinki." Na sha gaya wa 'ya'yana ubansu ya fara rikicewa, yana kunna wa kabad fanka.

Bayan rasuwarsa na naɗe wayar fankar na ɗora ta saman kabad ɗin kaya, don ba na son ganinta. Na daɗe ban yi gashi ba. Da na koma yi lokacin sanyi ne, taga a buɗe, obin ya yi ta maneji. Zafi na zuwa ya kasa.

Na gaya wa mai gyara, a gajarce. Ya yi dariya har da buga cinya, sannan ya ga fuskata ya daina.

Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Kafinta dai kafinta ne. Abin da sukuru huɗu za su gyara, shi ya gyara da zarto."

"Bai yarda wani ya taɓa masa kabad ba. Cewa yake masu gyara suna ɓata fenti."

"Ai kuwa ya yi dabara. Sai dai dabarar tana bukatar mai zama."

Na tashi na shiga ɗaki, wai zan ɗauko masa ruwa, alhali ruwa yana kicin. Haushin Malam nake ji, haushi sosai. Mutum ya san abu ya lalace, ya ƙi faɗa, ya zauna shekaru yana shan masifata a kan benci, sannan ya tafi bai bar wa kowa bayani ba. Ko rowar kiran mai gyara ce, ko girman kan kafinta ne, ko kuwa zaman ne yake so, ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya. Na yi kukana a gaban madubi, gajere, na wanke fuska na fito.

Washegari mai gyara ya dawo da sabuwar fanka, ya ɗaura, ya mayar da obin cikin kabad ba tare da ya ƙwarzane fenti ba, don na tsaya a kansa. Na saka kek. Na miƙa bayan hannuna saitin tsagar, na ji iska mai ɗumi tana hurowa. Kek ya tashi, ya yi ja, ya tsage a sama yadda nake so. Na roƙe shi ya bar min matacciyar fankar, na sa ta a leda.

Ranar da Auta zai zo na shirya kamar mai zuwa kotu. Na gasa kek biyu, na dafa shayi na zuba a fulas, na fito da kofuna biyu na baƙi. Na tsara maganata tun daga farko har ƙarshe. Na san zai ce to ai ba obin kaɗai ba ne, ga makulli, ga matattakala, ga dare in ciwo ya tashi. Kowanne na tanadar masa amsa. Har na yanke cewa in ya matsa sosai, in ya ce don Allah Umma, zan yarda in riƙa zuwa ina yi musu kwana biyu duk mako, amma sai ya roƙa.

Ya shigo, ya gaishe ni, na zuba masa shayi, na ɗora masa ledar a kan tebur. Ya buɗe, ya juya fankar, na ba shi labari duka, har da bencin ubansa. Ya yi murmushi ya ce, "Baba ke nan." Sannan ya sauke numfashi, dogo, kafaɗunsa suka sauka.

Ya ce, "To alhamdu lillahi. Tunda ba ke ba ce, shi ke nan, Umma. Ki yi zamanki."

Na jira sauran. Babu saura.

Na ce, "Matattakalar dai tana nan."

"Ai kin saba da ita. Motsa jiki ne ma."

Wayarsa ta yi ƙara, ya ce in ba shi minti ɗaya, ya fita baranda ya jawo ƙofa, amma ƙofar barandar nan ba ta rufuwa duka. Matarsa ce. Na ji yana cewa, "A'a, an gyara. Fanka ce kawai. Ki bar ɗakin yaran yadda yake, ba sai an kwashe komai ba." Ya saurara, ya yi 'yar dariya. "Wallahi ni ma."

Ban ji haushinsa ba. Gidansu ƙarami ne, yara uku, na sani. Yaron kirki ne, da maganar ta tabbata, da ya zo da motar ya ɗauke ni, kuma da ba zan taɓa ganin komai a fuskarsa ba. Ni na ce kada in ƙara jin zancen ɗakin yara, ga shi kuwa ba zan ƙara ji ba. Na ci shari'ata, kuma ban taɓa jin ni kaɗai ce a duniya kamar lokacin ba.

Ya dawo yana duba agogo, ya ce zai ɗauko yara daga makaranta, hanya ta cushe. Na naɗe masa kek ɗaya a takarda na sa a leda. Ya ce yaran za su yi murna, zai kira ni, in gaida mai shago. Na raka shi bakin matattakala, na tsaya ina jin takunsa har ƙofar ƙasa ta rufe.

Na koma falo. Shayinsa yana nan yadda na zuba, ko kurɓa bai yi ba. Da sauran zafinsa, sai na buɗe fulas na mayar.